Kwado a famfon masallaci: wa ke da haƙƙin layi?

Ma'ajin Kwamiti: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun asuba ake kirana kan kwadon da aka ga an kulle famfon masallaci da shi, gara in yi bayani sau ɗaya a nan. Ni na sa shi, da sanin wasu 'yan kwamiti. Tankin nan da can yakan kai mu la'asar, yanzu kafin azahar ya ƙafe. Tun da matan nan 'yan gudun hijira suka sauka a kangon bayan makarantar allo, layi ya ninka. Injin ba ya hutawa, in ya ƙone kuma kun san aljihun da za a taɓa. Shawararmu ita ce waɗanda suka yi karo-karo su ɗiba daga asuba zuwa ƙarfe 11, sai a buɗe wa kowa. Ba kora ba ce, tsari ne.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri Ma'aji. Wallahi abin ya ishe mu. 'Ya'yana mata kullum sai an rufe ƙofar makaranta suke isa, saboda suna layi bayan bokitai ashirin. Kuɗin adashena na cire na ba da lokacin haƙa rijiyar nan. Ba na ƙin bayin Allah nan, jiya ma na aika musu da tuwo da tsofaffin kayan yara. Amma wanda ya biya da wanda bai biya ba su tsaya layi ɗaya? A'a.

Ɗan Kabu-kabu: Hajiya, ƙarhe sha ɗaya cikin watan Afrilu garin ga? Kin san ranar Sakkwato kuwa. Ni da nika bisa mashin, lokacin nan inuwa nika biɗa. Mace da goyo ta tsaya bisa siminti da zahin ga don bokiti guda, ku ce tsari na? Ku dai hwaɗi gaskiya, kun ce su sha abin da kunka rage.

Ma'ajin Kwamiti: Kai ba ka ba da ko sisi ba ranar karo-karo, yanzu kai ne mai baki.

Ɗan Kabu-kabu: Gaskiya ta, ban ba da ba, ba ni da shi. Amma yashin da anka gina gindin tanki da shi wa yaɗ ɗauko?

Ɗan Haya: To ni nan ne hankalina ya tashi. Mu 'yan haya kaɗan aka karɓa a hannunmu, masu gida suka ba da mai tsoka. Wasu ma bayan an gama haƙa suka tare a unguwar. In dai biya ne ma'auni, gobe sai a ce masu gida su fara, 'yan haya su biyo, sannan baƙi. Ma'aji, a wane layi ka sa ni?

Maman Ummi: Kai ɗan unguwa ne, ba a maganarka.

Ɗan Haya: Hajiya, shekarata nawa a unguwar kafin in zama ɗan unguwa? Su kuma nawa ya rage musu?

Ma'ajin Kwamiti: Malam Na'ibi yana cikin zauren nan. Malam, a taimaka mana da hukunci, don kada a mai da ni azzalumi a banza.

Na'ibin Liman: Wa alaikumus salam. Ina biye da ku tun ɗazu. Zan faɗi abin da ke gefen Ma'aji tukuna, don ba a ɓoye ilimi saboda tausayi.

A Risala ta fiƙihun Malikiyya, wadda yawancinmu muka karanta a zauren malamai, an ce wanda yake da rijiya ko idon ruwa a cikin filinsa yana da ikon hanawa, sai in rijiyar maƙwabcinsa ta rufta kuma yana da shukar da ake jin tsoron ta mutu, to ba zai hana shi rarar ruwan ba. An kuma ce rijiyoyin shayar da dabbobi, masu su ne suka fi cancanta har su gama shayarwa, bayan nan mutane duk daidai suke. Kun ga ke nan gabatar da wanda ya haƙa ba baƙon abu ba ne a mazhabarmu. Ma'aji bai ƙago shi ba.

Sai dai tambayar ita ce, wannan rijiya ta wace ce? A filin masallaci aka haƙa ta, ba a gidan kowa ba. Ranar da aka buɗe ta ina wurin, an yi addu'a an ce sadaka ce mai gudana, mutane da yawa suka ce ladan ya kai ga iyayensu da suka rasu. Abin da aka ba Allah ya fita daga hannun mai shi. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi saboda mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce ta mahaifiyar Sa'adu ce. Rijiyar Ruma kuma a Madina, da aka kwaɗaitar da a saye ta, sharaɗin da ya zo a hadisin shi ne mai sayen ya sanya gugansa tare da gugan Musulmi. Sayyidina Usmanu ya biya kuɗin duka shi kaɗai, bai ware wa kansa safiya ba. Wannan sharaɗin na guga nake so ku duba da kyau, don shi ne ainihin abin da kuke jayayya a kai.

Saboda haka in kun ce mallakarku ce, ku faɗa a fili, ku janye maganar sadaka, a san hukuncin da za a bi. In kuwa wakafi ce, to ba ku da safiya.

Maman Ummi: Malam, to mu da muka cire daga bakin 'ya'yanmu ba mu da wani fifiko ke nan?

Na'ibin Liman: Kuna da shi Hajiya, lada. Shi kuka ce kuna nema ranar. Amma kukan yaran da ke makara kuka ne na gaskiya, kuma dole a nemo masa magani.

Sarkin Samari: Ni ba ruwan ne ya dame ni ba. Wa ya san su? Kowa ya ji yadda 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto a cikin gari. Yau an bar su suna shiga lungu-lungu da sunan ɗiban ruwa, suna ganin gidan wa ke da mota, gidan wa ke da shanu. In abu ya faru kar a ce ban faɗa ba.

Ɗan Kabu-kabu: Ni na san su, don ni niɗ ɗauko wasu daga tasha. Mutanen gabas na, wajen Sabon Birni da Isa. Wata tsohuwa da niɗ ɗauka, abin da taz zo da shi tabarma ta da tukunya guda da jikoki ukku, takalmi ma ƙahwa ɗaya daban ɗaya daban. Garinsu an aza musu haraji sun biya, an koma azawa sun sai da awaki sun biya, na ukku sunka gudo da dare. Mazansu wasu an kashe, wasu suna daji hannun mutanen, wasu sun tahi kudu biɗar abinci. Kun manta motar da anka ƙone da matahiya ciki hanyar Sabon Birni watan Disamba 2021? Kun manta kasuwar Goronyo wata biyu kahin nan? Abin da sunka gudo mai ke nan. Mai kai rahoto waya shika riƙewa da kuɗɗi aljihu, ba shi kwana kango babu ƙohwa.

Sarkin Samari: Ban ce dukkansu ba.

Baba Mai Ritaya: Sarkin Samari, tsoronka ba wauta ba ne, ɗana. Amma maganinsa a san mutane, ba a nisanta su ba. A je da mai unguwa a rubuta kowace mace, garinsu, da yaranta nawa. Wanda ka san sunansa ka san garinsu ya fi sauƙin lura da shi a kan wanda ka kora bayan gari.

Sannan ku bar ni in yi tsufana kaɗan. Shekara talatin da wani abu ina koyar da tarihi, kuma abin da ke ba ni mamaki da mu Sakkwatawa shi ne yadda muke son labarin hijira a littafi, mu ƙi ta a ƙofar gida. A 1804 Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu da jama'arsa, mata da yara da tsofaffi, sun bar gidaje da gonaki. Shekarun da suka biyo baya yunwa da cuta sun ci mutane da yawa a cikinsu. Garin nan da muke taƙama da shi, Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, Shehu bai taso daga Sifawa ya zauna a cikinsa ba sai 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Wato waɗanda aka kora daga gidajensu ne suka gina shi. Duk mai cewa shi ɗan asalin Sakkwato ne, in ya bi kakanninsa baya kaɗan zai tarar da wanda ya shigo da kaya a ka.

Ba sai mun je nesa ba ma. A 2010 da Rima ya yi ambaliya har ya cinye gadar da ke kai mutum jami'a, mutanen ƙauyukan bakin gulbi a makarantu suka kwana. Wasu da ke cikin zauren nan yanzu da gidajensu na bulo, a lokacin ne suka shigo gari. Ba zan kira suna ba, sun san kansu.

Maman Ummi: Baba, tarihi ba ya cika tanki.

Baba Mai Ritaya: Gaskiyarki 'yata. Shi ya sa nake jiran mai gyara ya yi magana, na ga yana karantawa ya yi shiru.

Mai Gyaran Sola: Baba ka tono ni. Na yi shiru ne don maganar za ta taɓa manya, amma tunda an zo nan, bismillah.

Na farko, injin sola ba ya ƙonewa don an ɗibi ruwa da yawa a famfo. Shi rana yake bi: ta fito ya tashi, ta faɗi ya tsaya, ko mutum ɗaya ne ya ɗiba ko ɗari. Abin da ke kashe shi shi ne ya yi ta juyi babu ruwa a ƙasa, ko yashi ya shige shi. Ruwan da kuke rububi da asuba wanda ya kwana a tanki ne tun jiya da yamma.

Na biyu, farantan sola sun yi ƙura. Tun hunturu ba wanda ya hau ya goge su, na duba da idona, har kashin tsuntsaye ya bushe a kai. Wannan kaɗai yana rage ƙarfin injin.

Na uku, shi ne babba. Akwai gidaje uku da aka ja musu bututu kai-tsaye daga gindin tanki, a ƙarƙashin ƙasa, kuma kowanne yana da nasa tankin a cikin gida. Da dare, lokacin da kowa ke barci, ruwan da ya kamata ya kwana don safiya yana gangarawa can. Ga masu kura da ke zuwa da jarkoki goma sha biyu su cika su kai wata unguwa su sayar. Ga mai buga bulo na bakin titi. Ga samarin da ke wanke mashin da yamma su bar famfo a buɗe. Ku lissafa jarka mai lita 25 sau goma sha biyu, kura ɗaya ke nan, sawu ɗaya. Matan kangon nan bokitin fenti suke zuwa da shi da galan na man gyaɗa. Duk abin da suke ɗiba a yini ban ga ya kai na kura uku ba.

Ɗan Haya: Tirƙashi.

Ɗan Kabu-kabu: To Ma'aji, ina kwadon bututun ga ukku?

Ma'ajin Kwamiti: Waɗannan gidajen su suka ba da fiye da rabin kuɗin aikin. An yi maganar bututun tun farko, ba a ɓoye ba.

Ɗan Haya: A wane taro? Ni ban ji ba.

Malamar Jinya: Ku ba ni dama kafin a koma faɗan bututu. Ni ta wajen aikina zan yi magana. In kuka hana matan nan ruwan safe ba za su zauna da ƙishirwa ba, kududdufin bayan kangon za su koma, ko su sayi na rijiyar da ba a rufe ba. Kangon kuma babu masai, yaran a fili suke zagayawa. Damina saura kaɗan. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka ji jiki. Wanda ya yi aiki a asibiti a shekarar ya san yadda ake shimfiɗa mutane a baranda ana rataya ledar ƙarin ruwa a jikin taga. Babba mai ƙarfi yakan zube cikin yini ɗaya. Ƙudan da ya tashi daga bayan kango ba ya tambayar wa ya yi karo-karo kafin ya sauka a kan tuwon Ummi.

Masu aikin agaji suna ƙiyasta aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, sha da girki da wanke hannu. Mace mai yara huɗu ke nan tana buƙatar jarka uku. Abin da nake gani suna ɗauka bai kai rabin haka ba, shi ya sa yaran duk ƙuraje. Ko don kanku, Yaya Maman Ummi, ku bar su su ɗiba, a kuma haɗu a haƙa musu masai. Wannan ya fi tuwon da ake aikawa amfani, ba don na raina tuwon ba.

Maman Grace: Ina gaishe ku duka. Ni daga Zuru muka zo, mun daɗe a unguwar nan. Lokacin karo-karo an zo gidana, na ba da nawa, ban ce ai a filin masallaci za a haƙa ba. Kuma tun da aka buɗe ba wanda ya taɓa ce mini in koma baya don ba na salla, na gode wa Allah na gode muku. Shi ya sa kwadon ya ba ni tsoro da na gani. Na ce yau an fara tambayar wa ya cancanta, ban san inda tambayar za ta tsaya ba. Shekaranjiya wata daga cikinsu ta riƙe mini wuri a layi na je na sauke tukunya. Ko sunanta ban tambaya ba.

Ɗalibar Lauya: Ni abin da ke ba ni haushi, muna nan muna cin naman juna a kan tanki ɗaya, waɗanda aikin ya rataya a wuyansu suna barci. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Najeriya, balle waɗannan 'yan jihar nan ne. Ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kula da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, Sakkwato ce kan gaba da kusan kashi 91 cikin 100, kuma rashin ruwa mai tsabta na cikin abin da aka auna. Wato talaka ne ke kulle wa wanda ya fi shi talauci famfo. A rubuta takarda a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa da Hukumar Zakka da Wakafi. Ni zan rubuta.

Baba Mai Ritaya: Rubuta 'yata, zan sa hannu. Amma kafin takarda ta dawo, gobe da asuba mutum zai nemi ruwan alwala da na koko. Hakkin hukuma bai sauke namu ba.

Alhaji na Kwana: Salamu alaikum. Yanzu yaro ya nuna mini abin da ake ciki. Ɗaya daga gidajen ukku nawa na, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba. Ni niy yi maganar a ja mini bututu saboda tsohuwata da ba ta iya hita, kuma kwamiti ya yarda. Ban san tankin cikin gida shina janye na jama'a da dare ba, wanga aikin masu gyara na. Kuɗɗin da nib ba da, don mahaihina nib ba da su, Allah shi jiƙan shi. In ana kulle ma marayu ruwa da sunan kuɗɗina, to mi nis saya mai? A sa makunni bisa bututun, a riƙa buɗe shi da rana tsaka lokacin da tanki ka ambaliya. Sauran biyun ba ni magana da bakinsu.

Ɗan Kabu-kabu: Allah shi jiƙan Baba. Saura biyu.

Ma'ajin Kwamiti: Kowa ya yi ta jifana, amma ba wanda ya amsa tambayar da ta sa na sayi kwado: in abu ya lalace wa zai biya? Bara da kan famfo biyu suka karye, gida-gida na bi, wasu suka ce in dawo gobe har na gaji na cika daga aljihuna. Tausayi da baki ba wuya. Ku faɗa mini inda kuɗin gyara zai fito in cire kwado yanzu.

Na'ibin Liman: Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma wakafin da ba a tanadar masa abin gyara ba yakan mutu. Mai ɗiba don sha da girki kada a karɓi komai a hannunsa, ko wane ne. Mai ɗiba don ya sayar ko ya buga bulo, wannan sana'a yake yi da dukiyar jama'a, a yanka masa abin da zai riƙa biya a kowace kura, a rubuta, a karanta lissafin a masallaci duk wata.

Mai Gyaran Sola: Kuma a ƙara kan famfo biyu ta gefen gabas, ba tsada. Layi zai rabu.

Maman Ummi: To a ware ɗaya na 'yan makaranta daga asuba zuwa bakwai da rabi. Kowane yaro mai shirin makaranta, ban ce nawa kaɗai ba. Amma ni dai har yanzu a raina ban ga daidai ba ne a ce wanda ya zo jiya da wanda ya haƙa ba bambanci ko kaɗan. Na bi Malam ne kawai.

Malamar Jinya: Yaran kangon ba mai zuwa makaranta ko ɗaya, Yaya. Wannan ma wata maganar ce.

Maman Grace: Duk mun yanke musu, ba wanda ya tambaye su. Ba sa cikin zauren nan, yawancinsu ko waya ba su da ita. Akwai wata dattijuwa da suke jin maganarta, a kira ta taron. Wataƙila su ma suna da abin da za su iya ɗauka, ko sharar wurin ko tsaron famfo daga masu barinsa a buɗe.

Sarkin Samari: In za a rubuta sunaye da mai unguwa, zan zo da samari mu haƙa masan. Amma a rubuta tukuna.

Ma'ajin Kwamiti: Makullin yana wurin Malam Na'ibi daga magariba, ya yi yadda ya gani. Taro gobe bayan isha'i a ƙofar masallaci. Masu bututun nan biyu ni ba zan je musu ni kaɗai ba, Baba sai ka raka ni. Maman Grace da Malama ku taho da dattijuwar.

Mai Gyaran Sola: Wa ke da doguwar tsani? Ina so in hau in goge farantan tun da sassafe kafin ƙarfen ya yi zafi. A haɗo mini da tsumma mai laushi, kada a kawo mai yashi.